Watan da Bakin Tafki Ya Toshe

Takalminsa ta fara gani. Baƙi ne na fata, ya sha goga har yana ɗaukar ido, ga farar safa tas, mai shi kuma ya tsaya da shi a kan jiƙaƙƙen yashi kamar wanda ya zo neman aiki. Auta tana cikin ruwa iya gwiwa, sai da ta ciji leɓe don kar dariya ta kufce mata.

Tafkin nan a gefen teku yake kwance. Dogon tudun yashi ne ya raba su, sai wani ɗan baki guda da ruwa ke shiga yana fita. Teku na can tana haukanta, shi kuwa yana kwance luf, da ɗumi kamar an sirka, shi ya sa duk rani masu hutu ke tururuwa. Mahaifin Auta, wanda kowa ke kira Kyaftin, yana da masauki mai ɗaki shida da kwalekwale biyu. Aikin Auta kuwa, kowace safiya takan shiga gefen da ba zurfi da tsofaffin mata masu ciwon gwiwa, ta yi ta takawa da su a hankali har gaɓoɓinsu su saki.

"Sannu da aiki," in ji mai takalmin. "An ce nan ake tafiyar ruwa?"

"Nan ne. Amma da wannan takalmin sai dai tafiyar ofis."

Dattijuwar da ke dogare da sanda a gefensa ta tuntsire da dariya. "Faɗa masa dai, 'yar nan. Tun a ɗaki nake fama da shi." Sai kuma ta dubi ruwan ta tsuke fuska. "Ni fa ba shiga zan yi ba. Shekara sittin da biyar ban taɓa shiga ruwan da ya wuce na bokiti ba."

"Wa ya ce shiga za ki yi, Umma? Gaisawa kawai za ku yi. Miƙo masa ƙafa ɗaya."

Umma ta miƙa ɗaya. Kafin rana ta yi zafi tana ciki har cinya, ta damƙe hannun Auta tana salati tana dariya. Ɗan nata na tsaye a gaɓa riƙe da sanda da tawul, yana kallon uwarsa. Da Auta ta ɗaga kai sai ta ga idonsa ya ciko, ya yi sauri ya juya yana duban kwalekwale kamar saya zai yi. Daga nan ta daina yi masa dariya a ranta.

A sashen magani na wani asibiti yake aiki, a garin da sai an yini a mota kafin a kai. Umma da keken ɗinki ta raine shi, shekara talatin tana taka shi har gwiwoyin suka ce sun gaji. Wannan ne hutu na farko a rayuwarta, kwana goma, kuma shi ya dage sai ta zo. Ita tana kiransa Babana. Auta kuwa tun ranar farko ta laƙaba masa Mai Takalmi, sunan ya bi shi.

A rana ta uku ya karɓi lambarta, wai saboda ya riƙa tambayar lokacin shiga ruwa. Lokacin da ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon ƙofar masauki, ka ji fa.

"Malamar ruwa, barka da rana. Umma ta ce in tambaya ko gobe ma ƙarfe bakwai ne."

"Ƙarfe bakwai ne, kamar jiya da shekaranjiya. Umma ce ta ce, ko kai ne?"

"Ni ne. Umma barci take yi."

Da yamma sukan zauna a baranda su uku, Umma a tsakiya da kofin shayi, tana yi kamar ba ta jin komai alhali ko tari ba ya wuce ta. Ya ba Auta labarin layin marasa lafiya da rubutun likitoci da ba ya karantuwa. Ita ta nuna masa yadda ake gane teku ta fara janyewa daga kalar yashi. Rana ta tara, Umma ta taka tun daga ɗaki har bakin ruwa, ta manta sandar a jingine. Da ta ankara sai ta kama fuskar Auta da hannu biyu.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Allah ya ba ki mai riƙe ki yadda kika riƙe ni."

"Amin," in ji Mai Takalmi, da ƙarfin da ya sa matan da ke cikin ruwa duk suka waiwayo.

Da la'asar ya same ta tana shanya rigunan ruwa a igiya. Ya yi ta juya waya a hannu kafin ya samu bakin magana.

"Ban iya kwana-kwana ba. Ina sonki, kuma da aure. In kin ba ni izini zan ga Baba kafin mu tafi."

Ta ɓoye fuska a bayan rigar da take shanyawa. "Yana rumfar kwalekwale," ta ce. "Ka yi sallama da ƙarfi, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai."

Kyaftin ya saurare shi har ƙarshe, yana ɗinke raga, bai ɗago ba. Auta tana laɓe a bayan rumfar tana saurare.

"Yaro, ban ga aibunka ba," in ji Kyaftin. "Wanda ya riƙe uwarsa haka ba a kushe shi. Amma ba na ba mai hutu 'yata."

Dalilin kuwa kowa a gidan ya san shi. Shekara bakwai da suka wuce wani baƙo ya zo hutu, ya ga yayar Auta, ya zauna a wannan rumfar ya yi rantsuwa har da hawaye. Ya tafi da alkawarin dawowa da manyansa. Yaya ta jira shi shekara biyu, ta kori duk wanda ya zo, har wayarsa ta daina shiga. Yanzu ita ke riƙe da kicin ɗin masauki, tana raha da kowa, amma ba a yi mata maganar aure.

"Mai hutu komai kyau yake masa," Kyaftin ya ci gaba. "Ruwa garau, iska mai daɗi, ba aiki. Ko ni ya gani a lokacin sai ya ce kyakkyawa ne. Amma in damina ta kankama, teku takan turo yashi ta toshe bakin tafkin. Ruwa ya rasa hanya, ya ruɓe, ya hau mu har tsakar gida. To in da gaske kake, ka zo a lokacin, ka ga inda Auta ta fito da yadda take in ba ta cikin kwalliya. Toshewar ba ta da rana, kowace shekara da lokacinta. Ita za ta sanar da kai."

"Zan zo, Baba, in Allah ya yarda."

"Wancan ma haka ya ce."

Suka tafi. Wata huɗu saƙonni na kai da kawo, safe da rana.

"Malamata, yau wani tsoho ya ce in ba shi maganin kewa. Na ce masa ni ma nema nake, wadda ke da shi tana bakin teku."

"Mai Takalmi, ka riƙa duba takarda da kyau, kar kewa ta sa ka ba mai tari maganin ido. Ya gwiwar Ummata?"

"Tana gaishe ki. Kullum sai ta ce yaushe zan kawo mata 'yarta. Bakin ya toshe?"

"Tukuna."

Ranar da ta rubuta wannan gaskiya ta faɗa. Bayan sati biyu aka kwana uku ana ruwa, teku ta yi aikinta, bakin ya rufe ruf.

Wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Ruwan nan mai ɗaukar ido ya koma kalar shayin da ya kwana. Kainuwa ta rufe gaɓa, ƙananan kifaye suka taso ciki sama, wari ya cika ko'ina har cikin tufafin da ke akwati. Sauro kuwa sai ka ce gayyato su aka yi. Ruwa ya haye matakalar baranda biyu, ya shafe inda suke zama da Umma. Auta ta wuni cikin takalmin roba tana kwasar taɓo, fuska duk cizon sauro, tsakanin yatsun ƙafarta ya tsattsage.

Ta ɗauki waya za ta rubuta masa. Ta dubi tsakar gidan, ta dubi kanta a gilashin taga, ta jiyo Yaya a kicin tana wanke tukwane ita kaɗai. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Idan ya zo ya toshe hanci fa? Idan ya yi haƙuri ya kwana biyu don kunya, ya koma, wayarsa ta fara daina shiga? Gara ta bari ruwan ya ɗan ja, wurin ya ɗan kintsu. Sai ta nemo wani hoto da ta ɗauka tun rani ta tura masa.

"Masha Allah, har yanzu yana nan da kyansa," ya rubuto. "Bana damina ta yi muku sauƙi ke nan."

"Ta yi sauƙi," ta amsa, ta kife wayar.

Ƙarya ɗaya ta jawo ta biyu. Sati ya zama uku.

Shi kuwa manajan babban otal ɗin da ke tsallaken tafki bai yi sanya ba. Ɗan wurin ne, ya san damina ya san warinta, kuma tun bara yake son Auta. Ba shi da wani aibu in ban da surutu, ga shi da kirki: shi ya aiko da injin da ya zuƙe ruwan ɗakunan baya. Kullum yana rumfar Kyaftin, ana hira ana dariya.

Ranar Alhamis da safe Kyaftin ya kira ta.

"Auta, sati uku ke nan da toshewa. Ina baƙon naki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na sani," ya ce a hankali, da tausayi, wanda ya fi faɗa ciwo. "Jibi Asabar za mu fasa bakin. In ruwan ya fita bai zo ba, maganarsa ta bi ruwan. Ba zan miki dole da kowa ba, Manaja ko wani, wannan naki ne. Amma wancan kam na rufe. Ba zan sake zuba ido 'yata ta tsufa a bakin waya ba."

A kicin Yaya ta tare ta, ta rufe ƙofa da ƙafa.

"Ba ki faɗa masa ba, ko?"

Auta ta fashe da kuka.

"Na sani ai. Na ga hoton da kika tura, har da kwalekwalen da aka sayar tun kafin damina." Yaya ta goge hannu a zani ta zauna kusa da ita. "Ki saurare ni. Nawa bai ga komai ba ya gudu, ko ɗigon ruwan sama bai taɓa shi ba. Ke naki yana tambaya kullum, ke ce kike tare ƙofa. Wallahi in kika rasa shi a haka, kar ki ce irin tawa ce ta same ki. Tashi ki ɗauki hoton gaskiya."

Ta fita ta tsaya a tsakiyar ruwan, ta ɗauki baranda, ta ɗauki matattun kifin, ta ɗauki tsagaggun yatsun ƙafarta, ta juya wayar ta ɗauki fuskarta yadda take. Sannan ta rubuta:

"Bakin ya toshe sati uku da suka wuce. Hotunan da na turo maka na rani ne. Ƙarya na yi maka, don ina tsoron ka gani ka fasa. Jibi za a fasa bakin, Baba ya ce in ba ka zo ba shi ke nan. Ga mu yadda muke. Ka yafe min ko da ba za ka zo ba."

Sai bayan azahar amsa ta shigo, kalma biyu.

"Na gani."

Juma'a ta zo ta wuce, ko harafi babu. Auta ta duba wayar nan har ta gaji da kanta.

Asabar da sassafe maza wajen talatin suka hau tudun yashi da shebur. Aikin yana da tsarinsa: daga gefen teku ake fara haƙa, a nufo tafki, a bar ɗan siririn yashi a ƙarshe. Ba a taɓa wannan sai teku ta janye sosai da rana, sannan a sare shi kowa ya yi tsalle ya fita, ruwan da kansa zai ƙarasa sauran. Auta da Yaya suka bi su da manyan filas na shayi, ana yayyafi.

Tana cikin zuba wa wani ta ji Yaya ta taɓa ta da gwiwar hannu. Wani mutum ne ke tahowa a kan tudun, jiƙe sharkaf, da kwali a ka an naɗe shi da leda, yana tafe yana zamewa. Bai dube ta ba. Ya wuce kai tsaye ya durƙusa ya gaida Kyaftin, ya ajiye kwalin, ya ce a ba shi shebur.

Gaskiya dai, bai iya ba. Yashin da ya watsa iska ta mayar wa na bayansa a fuska, har aka yi masa ihu ya sauya gefe. Warin ya sa ya koma gefe ya yi amai, ya kurkure baki ya dawo. Kafin hantsi tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Manaja, wanda ke haƙa kamar inji yana ba da labari, ya dube shi ya girgiza kai, ya cire safar hannunsa ya miƙa masa.

Da aka tsaya jiran teku ta janye, sai ya buɗe kwalin. Maganin ƙafa ne, da auduga, da bandeji, da maganin zazzaɓin cizon sauro. Ashe a hoton da ta tura ya hango yatsunta, jiya kuma ya wuni neman wanda zai riƙe masa aiki da haɗa kayan, sannan ya kwana a mota. Ya kife bokiti ya ce duk mai tsagewar ƙafa ya zo. Nan da nan layi ya miƙe, manyan maza suna miƙa ƙafa suna runtse ido kamar yara.

Kyaftin ne na ƙarshe. Ya zauna a kan bokitin ya miƙa ƙafarsa, Mai Takalmi ya ɗora ta a cinyarsa yana wankewa. Auta tana tsaye taku uku daga nan da kofi a hannu.

"Sati uku da toshewa," in ji Kyaftin. "Sai yau ka ga dama."

Hannun saurayin ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba da shafa magani.

"Na makara, Baba. A yi min haƙuri."

Da ta yi shiru, da maganar ta wuce a haka. Ta san wannan sarai. Amma ta dubi hannun nan da ya fashe yana riƙe da ƙafar ubanta, sai ta ji ba za ta iya ba.

"Baba, bai makara ba." Muryarta ta fito da ƙarfi saboda kunnen nasa, har na nesa suka ji. "Ni ce ban faɗa masa ba. Kullum yana tambaya ina ce masa tukuna. Sai shekaranjiya ya sani."



"Me ya sa?" in ji Kyaftin.

"Tsoro na ji ya gani ya gudu."

Kyaftin ya daɗe yana dubanta. Ya juya ya dubi Yaya, wadda ta rungume filas a ƙirji. Sannan ya sauke kai.

"Ni na koya miki wannan tsoron," ya ce. "Shekara bakwai ina shuka shi a gidana." Ya dafa kafaɗar saurayin. "Kai kuma, ka ɗauki laifin da ba naka ba a gaban mutum talatin. Ƙarasa min ƙafar nan. In ka koma ka turo manyanka."

Da rana ta karkata aka sare siririn yashin. Ruwan ya fara da ɗan zirara, sai ya yi wani irin gurnani ya ɓalle, baƙi ƙirin, yana cin gefe da gefe, yana kwashe kainuwa da ruɓa zuwa teku. Maza suna kabbara suna tafi. Auta ta matsa kusa da shi, ba ta iya ɗaga ido ba.

"Ka yi fushi."

"Na yi. Ranar Alhamis ko abinci ban ci ba." Ya juyo ya dube ta, cizon sauron da komai. "Malamata, kin ɗauka ruwan na zo aura?"

Ta yi dariya tana share hawaye.

"Kar ki ƙara ɓoye min ranar da ba ta yi kyau ba. Ita na fi son a kira ni."

"Ba zan ƙara ba. Na gode da ka zo."

"Ni ke da godiya. Zauna in ga ƙafar nan, tun ɗazu nake ganin kina ɗingishi."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a tsakar masaukin, ba wani taron a zo a gani, 'yan uwa ne da maƙwabta da mutanen da aka haƙa yashi tare. Manaja ya aiko da kujeru, ya zo da kansa ya fi kowa surutu. Umma ta rungume amarya ta ƙi saki, tana cewa yau Allah ya cika mata. Yaya ce ta shirya ƙanwarta, ta raka ta har mota, tana tsokanarta don kar su yi kuka, suka yi duk da haka.

Kyaftin ne ya ba mutane mamaki. Da aka kawo masa amarya sallama, ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ya dafa kanta kawai, ya juya ya shige rumfarsa.

Sun yi nisa a hanya, teku ta ɓace a bayansu, Auta tana ta kukan rashin jin ko kalma ɗaya daga bakinsa, sai wayarta ta yi ƙara. Lambar Baba ce, mutumin da tunda yake bai taɓa rubuta saƙo ba. Ta buɗe.

"Auta ni ne Babanki. Yayarki ce take nuna min yadda ake yi. Dazu bakina ya ki. Na yafe miki duniya da lahira kema ki yafe min. Na gode wa Allah da ya ba ni ke na gode da ya kawo miki wannan yaron. Allah ya yi muku albarka ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Ki ce masa ya tuka a hankali."

Ta karanta a fili, muryarta na karyewa. Umma a kujerar baya ta ɗaga hannu tana amin, amin. Ango na tuƙi yana saurare. Ya goge ido da bayan hannu, ya rage gudu.